Ladan Da Ba Ya Riƙe Gida

A daminar shekarar 2023 wani ɗan ƙanwata, yaro mai natsuwa wanda ya gama karatun kiwon lafiya ya yi shekaru yana yawo da takardunsa ofis ofis bai samu inda zai sa ƙafa ba, ya zo mini bayan sallar magariba, ya durƙusa a zaure, ya ce, "Kawu, albarka na zo nema, an samo mini hanyar Ingila." Da na tambaye shi irin aikin, sai ya ce kula da tsofaffi ne a gidajensu. Da na tambaye shi abin da hanyar ta ci, sai ya sunkuyar da kai, domin kuwa filin da mahaifiyarsa ta gada a bayan gari da 'yan kunnenta na zinariya duk sun shige hannun wani dillali, wanda ya yi alkawarin samo masa takardar nan da kamfani ke bayarwa ta shaidar ya ɗauki nauyin baƙo. Sai daga baya na fahimci cewa abin da gwamnatin Birtaniya ke karɓa a kan wannan takarda a lokacin bai kai fam 300 ba, kuma kamfanin ne ya kamata ya biya. Na sa masa albarka ya tafi, kuma tun daga ranar nan nake bin labarin gardamar da mutanen ƙasar ke yi a kan baƙi da albashi da tallafin gwamnati, da idon wanda jininsa ke cikin al'amarin.

Ga yadda yininsa yake, kamar yadda ya sha ba ni labari ta waya. Yakan fita cikin duhu da tsananin sanyi, ya hau bas zuwa gidan wani tsoho da ya haura shekara tamanin, ya ciro makulli daga wani ɗan akwatin ƙarfe da aka kafa a jikin bango, ya shiga ya tashe shi, ya ɗaga shi daga gado, ya wanke masa jiki, ya sauya masa tufafi, ya dafa shayi ya gasa burodi, ya ƙirga masa ƙwayoyin magani a tafin hannu ya tsaya har ya ga ya haɗiye, sa'an nan ya rubuta a waya duk abin da ya yi. Wannan kuwa duka a cikin minti talatin, domin akwai wani tsohon a wata unguwa yana kwance yana jira. Tsohon nan na fari, in ji shi, yakan riƙe masa hannun riga ya ce ya ɗan zauna su yi hira, saboda watakila ba zai sake ganin fuskar ɗan Adam ba sai da yamma, amma babu halin zama. Haka zai yi ta yi daga gida zuwa gida har dare, alhali kuwa in aka zo lissafi mintocin da ya yi a cikin gidaje kaɗai ake ƙirgawa, tsayuwar jiran bas cikin ruwa da tafiyar da ke tsakanin gida da gida sun tafi a banza, duk da cewa dokar ƙasar ta ce lokacin tafiyar nan aiki ne.

A kan irin wannan yaro ne ake ta ce-ce-ku-ce a majalisa da jaridun Birtaniya, kuma masu gardamar sun kasu gida biyu. Kashi na fari suna cewa 'yan ƙasa sun sangarce, tallafin gwamnati ya kashe musu zuciya, sun gwammace su zauna a gida su karɓi kuɗin baitulmali da su yi aikin wahala, saboda haka babu makawa sai an shigo da baƙi. Kashi na biyu suna cewa baƙin ne suka karya farashin aiki, suka yarda da ladan da ɗan ƙasa ba zai yarda da shi ba, sa'an nan suka cika asibitoci da gidajen haya. Kowane ɓangare yana da ɗan abin da ya kama na gaskiya, amma a nawa ra'ayin dukansu sun bar jaki suna dukan taiki, domin sun sa talakan gida da talakan waje a gaba suna tuhumarsu, sun kau da kai daga tambayar da ta fi cancanta, wato me ya sa aikin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi ake biyansa ladan da ba ya riƙe gida, kuma wa ke cika giɓin.

Wannan mas'ala tsohuwa ce a Ingila, har ma tana da suna a tarihinsu. A shekarar 1795, lokacin da ake yaƙi da Faransa kuma farashin burodi ya yi tashin gwauron zabi, alƙalan lardin Berkshire suka taru a wani wuri da ake kira Speenhamland, kusa da garin Newbury, da niyyar su yanka wa manoma mafi ƙarancin ladan da za su riƙa biyan 'yan ƙodago. Da suka zauna sai suka ja da baya daga wannan niyya, suka fito da wata dabara dabam: manomi ya biya abin da ya ga dama, in ladan bai kai abin da zai sayi burodin iyali ba, asusun miskinai na gari ya cika, gwargwadon farashin burodi da yawan 'ya'ya. Niyyar ta tausayi ce, kuma haƙiƙa ta tsare mutane da yawa daga yunwa. Amma fa an zargi tsarin da cewa ya sauke wa masu gonaki nauyin da ke wuyansu ya ɗora wa jama'a, kuma ko da yake masana tarihi sun yi saɓani a kan girman illar, abin da ya biyo baya sananne ne: a 1834 aka soke shi, aka kafa gidajen horon matalauta masu tsananin ƙunci, wato dai laifin da aka tuhumi masu gonaki da shi sai aka huce shi a kan miskinai.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da rufe wannan ƙofa. Sun karantar da cewa bai halatta mutum ya ba da zakkarsa ga wanda ciyarwarsa ta wajaba a kansa ba, haka kuma bai halatta ya lissafa ta a madadin ladan baransa ba, saboda in ya yi haka ya kare dukiyarsa ne da haƙƙin matalauta. Ijara babinta dabam, sadaka babinta dabam. Ɗan ƙodago haƙƙinsa yake karɓa, kuma wanda ya ci moriyar guminsa shi ne wajibi ya biya cikakke. To, abin da ake yi a Birtaniya a wannan zamani shi ne cakuɗa babukan nan biyu. A 1999 gwamnatin Tony Blair ta fara aiki da dokar mafi ƙarancin albashi a kan fam 3.60 a awa, a shekarar kuma ministan kuɗi Gordon Brown ya faɗaɗa tallafin da ake ba iyalai masu aiki waɗanda albashinsu ya gaza. Daga 2013 aka fara haɗe tallafin iri iri cikin tsari guda mai suna Universal Credit, kuma a yau akwai miliyoyin mutane a cikin masu karɓarsa waɗanda suke da aikin yi, suna sammako kamar kowa, sai dai abin da ake biyansu ba ya biyan kuɗin haya da abinci. Hasali ma George Osborne, ministan kuɗi na jam'iyyar 'yan mazan jiya, ya yi iƙirari da wannan a 2015 sa'ad da ya ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa fam 7.20 daga shekara mai zuwa, bisa hujjar cewa bai dace masu biyan haraji su riƙa cika wa kamfanoni masu ƙaramin albashi ba. An ci gaba da ɗagawa har ya kai fam 12.21 a watan Afrilun 2025, kuma wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Amma ladan awa ba ya amfani in awoyin ba su da tabbas, kuma da yawa daga masu kula da tsofaffi a gidaje suna kan irin kwangilar nan ce wadda ba ta lamunce wa ma'aikaci ko awa ɗaya a mako ba.

Shi kuwa ɗan ƙasar da ake zagi da ragwanci, ya kamata a dubi lissafinsa da adalci kafin a yanke masa hukunci. Ƙa'idar Universal Credit ita ce, a kowane fam guda da mutum ya samu da guminsa bayan an cire haraji, ana janye kashi 55 cikin 100 daga tallafinsa, in banda wani ɗan rangwame da ake yi wa masu yara da masu lalura. Kafin ƙarshen 2021 ma kashi 63 ne. Saboda haka mace mai 'ya'ya biyu da aka ce ta ƙara awoyi a gidan tsofaffi, in ta zauna ta cire abin da za a janye, ta cire kuɗin mota, ta cire abin da zai rage a kanta na kuɗin mai renon yara, sai ta tarar ta sayar da ƙarfinta da lafiyar bayanta a kan abin da bai taka kara ya karya ba. In kuwa har za ta fita, ga babban kanti nan a bakin titi wanda sau da yawa yana biya fiye da gidan tsofaffi a kan jera kaya a kanta, ba ɗaga mutum, ba wanke najasa, ba tsayuwa a kan mai cutar ajali. Wanda ya zaɓi kanti a wannan hali ba a ce masa rago ba, mai hankali ne da ya auna maslaharsa. Don haka ne a shekarar 2021 zuwa 2022 guraben da babu kowa a aikin kula da manya a Ingila suka kai kimanin 165,000.

A nan ne baƙo ya shigo, kuma yadda ya shigo shi ne zuciyar maganar. Birtaniya ta yi ƙuri'ar fita daga Tarayyar Turai a 2016, kuma babban abin da ya tunzura mutane shi ne yawan baƙi, musamman waɗanda suka zo daga Folan da maƙwabtanta bayan 2004. Amma mutumin Folan ɗin nan, ko me aka ce a kansa, 'yantaccen ma'aikaci ne: in ubangida ya cuce shi sai ya ajiye aikin ya tsallaka titi ya kama wani. Da aka rufe wannan ƙofa guraben aiki suka yi yawa, sai gwamnati a watan Fabrairun 2022 ta buɗe biza ga masu kula da tsofaffi daga ko'ina a duniya, mutane suka kwararo daga Indiya da Nijeriya da Zimbabuwe da Ghana, har adadin waɗanda suka shiga ƙasar, bayan an cire waɗanda suka fita, ya haura 900,000 a shekara guda. Sai dai bizar tana ɗauke da sharuɗɗa biyu masu nauyi. Na fari, mai wannan biza ba shi da rabo a tallafin gwamnati ko kaɗan, duk da ana cire masa haraji daga albashinsa na farko. Saboda haka zancen cewa irinsa ya zo cin baitulmali ƙage ne. Na biyu, zamansa a ƙasar ɗaure yake da kamfanin da ya ɗauko shi, in aikin ya ƙare yana da kimanin kwana 60 ya samu wani kamfanin mai lasisi ko ya tattara ya fita. Wanda ke da bashin miliyoyin nairori a wuya, uwarsa ta sayar da gado, kuma bizarsa tana aljihun ubangidansa, ba zai iya cewa a'a ba ko an hana shi awoyi, ko an zaftare masa lada, ko an cusa shi da mutum biyar a ɗaki ana cire haya daga albashinsa. Yardar da aka samu ta wannan hanya, a shari'a, ta fi kusa da tilas. In har akwai abin da ke karya farashin aiki, to wannan ɗaurin ne, kuma majalisa ce ta ƙulla shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, an gaya wa gwamnati gaskiya tun da wuri. Kwamitin masana da ke ba ta shawara a kan shige da fice, wanda shi ne ya yarda a buɗe bizar a matsayin maganin gaggawa, ya fito fili a watan Afrilun 2022 ya ce asalin cutar ƙarancin lada ne da ƙarancin kuɗin da ake ware wa fannin, ya kuma nemi a biya masu wannan aiki aƙalla fam 10.50 a awa, lokacin da mafi ƙarancin albashi yake fam 9.50. Aka ɗauki shawarar da ba ta cin kuɗi, aka bar mai cin kuɗi.

Wanda ke shakkar cewa lada ne matsalar ya tuna da kakar 2021, lokacin da direbobin manyan motoci suka yi ƙaranci har gidajen mai suka ƙafe aka yi ta layi. Cikin 'yan watanni albashin direbobi ya tashi, kamfanoni suka riƙa ba da kuɗin maraba ga duk wanda ya zo, saboda mai kanti yana da ikon ya ɗora ƙarin a kan farashin kayansa. Gidan tsofaffi ba shi da wannan iko, domin babban mai sayen hidimarsa ƙaramar hukuma ce, ita ke yanka abin da za ta biya a kan kowace awa, ita kuwa tun daga 2010 gwamnatin tsakiya ta yi ta rage mata kaso da sunan tsuke bakin aljihu. An kafa kwamitin Andrew Dilnot ya ba da rahoto a 2011 a kan yadda za a biya kuɗin kula da tsofaffi, aka yi ta ɗage aiki da shi shekara bayan shekara har aka watsar a 2024. Ashe ke nan ubangidan da ke ƙwarar ma'aikaci a wannan fanni, in aka bi silsilar har ƙarshenta, al'ummar ce da kanta, wadda take son a wanke iyayenta a ciyar da su amma ba ta son a ƙara mata haraji. An ruwaito a Kitabul Kharaji na Abu Yusufa cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya yanka masa rabo daga baitulmali, bisa hujjar cewa ba adalci ba ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yasar da shi da tsufansa. Wannan hukunci ya hau kan tsohon da ke riƙe hannun rigar ɗan ƙanwata, ya kuma hau kan yaron da kansa.

Ba na musun cewa yawan baƙi cikin ɗan lokaci yana da nauyi a kan talakan gida. Binciken da kwamitin masana kan shige da ficen nan ya fitar a 2018 ya nuna cewa tasirin baƙin Turai a kan albashi kaɗan ne, amma ɗan abin da aka samu na raguwa a kan masu ƙaramin albashi ya faɗa. Kuma inda ba a gina gidaje ba, ƙarin mutane yana ƙara tsadar haya. Duk ƙasa tana da haƙƙin ta ƙayyade wanda zai shigo mata. Abin da ba ta da haƙƙi a kansa shi ne ta gayyato mutum da hannunta, ta ɗaure shi, ta more shi, sa'an nan ta nuna shi da yatsa ranar zaɓe. Birtaniya ta taɓa yin haka: jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke mutanen Jamaika a Tilbury a watan Yunin 1948, kwanaki kaɗan kafin a buɗe hukumar lafiya ta ƙasa wadda su da 'ya'yansu suka yi wa hidima, amma bayan shekara saba'in, a 2018, asiri ya tonu cewa an tsare wasunsu an kori wasu bisa zalunci. Mu ma ba mu da bakin yin alfahari, domin gwamnatin Busia ta kori 'yan uwanmu daga Ghana a 1969, mu kuma a 1983, da kuɗin mai ya faɗi, muka kori fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma korar ba ta cika tukunyar kowa ba.

Yanzu ga shi tarihi yana maimaita kansa. Tsakanin 2022 da ƙarshen 2024 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata kusan 40,000, waɗanda da yawansu suka wayi gari ba aiki ba tallafi a kan laifin da ba su suka yi ba. A watan Maris na 2024 aka hana masu wannan biza zuwa da iyalansu, a watan Yulin 2025 gwamnatin Keir Starmer ta rufe ɗaukar sababbi daga waje, ta kuma bayyana niyyar mayar da wa'adin samun izinin zama na dindindin daga shekara biyar zuwa goma, wato ƙarin shekarun ɗauri. Ta yi alkawarin kafa zaman daidaita albashin fannin, kuma wannan shi ne abin da ya kamata a fara da shi, matuƙar an haɗa shi da kuɗi na haƙiƙa a hannun ƙananan hukumomi. Da ni ake tambaya, da na ce a biya aikin ladan da zai sa uwar 'ya'ya biyun nan ta bar kanti ta dawo, a biya lokacin tafiya kamar yadda doka ta ce, a kwance bizar baƙo daga hannun kamfani guda a ɗaura ta ga sana'ar baki ɗaya, domin ranar da baƙo ya samu ikon ajiye aikin azzalumi, ranar ce ɗan ƙasa zai daina tsoron a maye gurbinsa da wanda ba ya iya magana. A namu ɓangaren kuma, hukuma ta sa ido a kan dillalan nan, waɗanda har yanzu suna yawo a unguwanninmu suna sayar da ƙofar da aka riga aka rufe.

Kamfanin da ya ɗauki ɗan ƙanwata yana cikin waɗanda aka soke wa lasisi. Ya yi makonni yana kwana a ɗakin wani abokinsa, yana aika takardar neman aiki ko'ina, bai gaya wa mahaifiyarsa ba har sai da Allah ya sa wani gidan tsofaffi a wani gari ya ɗauke shi. Da muka yi magana bayan sallar layya, na tambaye shi labarin tsohon nan mai riƙe hannun riga, ya ce tun da aka sallame su bai sake jin ɗuriyarsa ba, kuma bai samu damar yi masa sallama ba. Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kawu, don Allah a bincika mini a asirce, ko wanda ya sayi filin Umma zai yarda ya sayar, in ya so in riƙa biya kaɗan kaɗan."